Lambuna na Bayan Ɗaki a Lokacin Hunturu

A ƙauyenmu, nan tsakanin Wudil da Gaya, da zarar an kai gero da dawa rumbu, ɗanyen ganye ya fara ƙaura daga tukunya ke nan. Sai kuka, sai busasshiyar kuɓewa, sai ɗan kalkashi da yakuwar da aka shanya tun damina. Mu a kan tudu muke, ba mu da fadama, kogi kuma da tazara. Mai son latas ko alayyafo sai ya jira Juma'a a sayo masa a kasuwar Wudil, kafin a iso da shi gida a leda a bayan babur ya yi yaushi. Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne, watannin da muke rasa ɗanyen ganye a gida su ne watannin da kayan lambu suka fi so. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare kan yi sanyi har ma'auni ya sauko ƙasa da digiri 15, kuma latas da karas da albasa da tumatir wannan sanyin suke jira su yi kyau. A lokacin ne motoci ke ɗibar tumatir a Kwanar Gafan, a lokacin ne 'Yankaba ke cika da kayan gwari, mu kuma muna kaɗa kuka dare da rana.

Duk ranar da na kai autana awo, ma'aikaciyar asibiti sai ta jaddada mana mu riƙa ba yara ganye da kayan lambu. Magana ce mai kyau, amma mace tana jin ta tana lissafin abin da aka ba ta na cefane. Wannan ne ya sa na fara kallon filin da ke bayan ɗakina, inda aka tayar da turken awaki aka mayar da shi gefen zaure.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, da ya tsufa a noman rani a wajen Kura. Su can ruwan madatsar Tiga suke sha, wadda aka kammala a 1974, ruwa na bin magudana har bakin gona a Kura da Bunkure da Garun Malam. Da ya zo mana suna da kaka, bayan mutane sun ragu na ja shi bayan ɗaki na nuna masa wurin. Na ɗauka zai fara da maganar iri ko taki. Sai ya tsaya ya dubi ƙasar, ya dubi katanga, ya ce, "'Yar nan, a ina kuke ɗibar ruwa?" Na ce a tuƙa-tuƙa na bakin masallaci. Ya ce, "To jarka nawa za ki iya ware wa wurin nan kullum ba fashi, ranar da kike da lafiya da ranar da ba ki da ita?" Na yi shiru ina lissafi, na ce biyu. Ya ce, "To lambun jarka biyu za ki yi. Daidai ruwa, daidai tsaki. Mu da muke buɗe ƙofar ruwa ya shigo da kansa ba za ki yi koyi da mu ba."

Ya sa sandarsa ya zana mini komaye huɗu a ƙasa, kowanne faɗinsa kamar mita ɗaya, tsawonsa biyu, da ɗan lungun da ƙafa za ta bi a tsakani. Filin ya fi haka nesa ba kusa ba, raina ya so a cike shi, amma ya hana. Lissafinsa shi ne jarka mai cin lita 25 ta isa komi biyu a yini muddin ana sanyi, idan an rufe ƙasar ba a bar ta tsirara ba. Yadda ya faɗa haka na tarar.

Da dare na shawarci maigida. Ya ce, "Wurin ai naki ne, amma kajin Inna fa?" Gaskiyarsa. A gidan ƙauye kafin a yi maganar shuka sai an gama maganar kaza. Washegari ya sa yara suka kwaso karan dawa daga gona, lokacin yana nan jibge, ya kafa dirkoki ya kitsa danga mai tsayi har kafaɗa. Ƙasan dangar shi ne wurin kula, domin 'yan tsaki ta nan suke kurɗawa, uwar kuma idan ta ji kukansu a ciki sai ta san yadda ta yi ta haura. Mun binne gindin karan a ƙasa, muka jera tsofaffin bulo a jikinsa. Ɓangaren arewa da gabas, inda iskar hunturu ke bugowa, ya ƙara da tsohuwar zana, saboda iskar nan tana busar da komi fiye da rana.

Aikin ƙasa ni na yi da fartanya, da hantsi-hantsi bayan na sallami 'yan makaranta. Komin rani ba kamar kunyar damina ba ne. Da damina ana tayar da ƙasa sama don kada ruwa ya kwanta wa shuka, da rani kuwa cikin komin ake sauke shi ƙasa kaɗan, a tayar da bakinsa kewaye, yadda duk ɗigon da aka zuba zai tsaya a ciki. Ƙasarmu rairayi ce, tana shanye ruwa nan take, don haka taki shi ne abin da zai riƙe mata danshi. Na yi sa'a wurin tsohon turke ne, kashin awaki ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa. Na kafce zurfin taƙi guda da ɗoriya, na farfasa hoge, na tsince tsakuwa da leda da guntayen ƙarfe. Gwazarma kuwa ba a magana, farare ƙatta a naɗe cikin takin; duk wadda na tono sai in wurga wa kaji ta saman danga, domin idan aka bar ta saiwar shuka take ci. Inna ta ce in kwashi kashin akurki in ƙara, sai na tuna gargaɗin Kawu cewa ɗanyen kashin kaji yana ƙone ƙaramar shuka. Na tara shi gefe guda ina yayyafa masa ruwa, sai can tsakiyar sanyi da ya huce na fara barbaɗa shi.

Bayan kaftu ban shuka komai ba tukuna. Na riƙa jiƙa komayen har kusan mako. Ciyawar da irinta ke kwance a cikin taki ta tsiro, na kankare ta tun tana jaririya. Wannan 'yar jira ta rage mini cirar ciyawa sosai daga baya.

Iri maigida ya sayo a Wudil wurin masu sayar da kayan noma. Na gwangwani ya fi ƙarfin lambu irin nawa, don haka na awo ya karɓo, wanda ake aunawa da murfin kwalba a ƙulle a takarda. Matsalar na awo ita ce ba ka san shekarunsa ba, irin albasa kuwa da ya shekara ƙarfinsa ya fara tafiya. Abin da na yi shi ne na ƙirga ƙwaya goma daga kowane ƙulli, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na ajiye a gindin randa. Bayan 'yan kwanaki na warware. Latas da lansir da tumatir kusan duk sun fasa, na kabeji rabi. Da na ga haka sai na cika hannu wajen yafa kabejin. Gwajin nan ba ya cin ko sisi, kuma ya fi mutum ya yi mako biyu yana ban ruwa a kan mataccen iri, lokaci na wucewa.

Lokacin kuwa shi ne jarin. Irin latas ba ya son tsirowa a ƙasa mai zafi, shi ya sa ban yi gaggawa a Oktoba ba, na jira sai da muka fara neman mayafi da asuba, farkon Nuwamba. A tsohon baho da ya ɓule na yi renon latas da kabeji da tumatir: na ƙara masa huji da ƙusa, na cika shi da ƙasa mai laushi da na tankaɗe da taki. Irin latas siriri ne, ba a binne shi. Barbaɗawa na yi da yamma, na bi da rairayi sama-sama yadda da ƙyar ya rufe shi, na danna da tafin hannu, na shimfiɗa buhun algarara a kai na yayyafa ruwa ta samansa don kada ruwan ya tattara irin wuri guda. Kullum da safe sai na ɗaga gefen buhun na leƙa. Ranar da na ga fari-farin tsiro sun lanƙwasa wuya suna turo ƙasa, na yaye buhun gaba ɗaya, domin idan aka bar shi a kai sai su yi tsawo su yi fari su faɗi. A madadinsa na kafa 'yan sanduna na lulluɓa tsohon gidan sauron da ya yayyage har ba ya kwantuwa. Wannan saboda ƙadangaru ne. Mutane ba sa kawo su a lissafi, alhali da rani da babu wani kore a gari, ƙadangare ɗaya zai iya aske bahon reno kafin azahar.

Komi na farko lansir na yafa a rabinsa, kuma duk wadda za ta fara lambu ina ba ta shawara ta fara da shi. Kwana biyu zuwa uku ya tsiro, cikin mako biyu zuwa uku ya isa yanka. A lokacin da sauran komayen ke nan kamar ba a yi komai ba, mutanen gida na wucewa suna kallon ƙasa jiƙaƙƙiya, shi ne ya fara fitar da ni kunya. Na yanka da wuƙa na wanke, na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan man gyaɗa, ɗan yajin nan nasa mai hawa hanci yana tashi. Na fara kai wa Inna. Ta ci ta ce, "Ke 'yar nan, wannan daga bayan ɗakin ne? Allah Ya yi albarka." Tun daga ranar ita ke korar kajinta idan sun doshi danga. Lansir ba ya daɗewa yake tsufa, don haka ba na yafa shi gaba ɗaya. Ɗan yanki yau, wani bayan kwana goma, yadda ba ya yankewa.

Ɗaya rabin na ba albasa da tafarnuwa. Ban yi wahalar renon irin albasa ba, wanda ke cin mako shida zuwa bakwai kafin dashe. Lawashi nake so, sai na tsince ƙananan albasar da suka fara tsiro a kwandon cefane na binne su, ba a jima ba suka turo ganye kore shar, ina tsinka suna sakewa. Tafarnuwa kuma na ɓare ta ɗaya-ɗaya, na zaɓi manyan, na soka a ƙasa tsinin na kallon sama. Ita sai haƙuri, wata huɗu take so, kuma idan ba a shuka ta a farkon sanyi ba zafi zai riske ta kafin ta yi kai.

Karas ya ci komi guda shi kaɗai. Ba a dasa shi, inda aka yafa nan zai girma, domin saiwar ita ce abincin, da ta karye ko ta lanƙwashe shi ke nan. Na gauraya irin da busasshen rairayi don ya bazu, na ja layuka marasa zurfi da tsinke na zuba. Karas yana gwada zuciya. Kusan mako biyu ba ka ganin komai, kuma a duk tsawon lokacin saman ƙasar bai kamata ya bushe ba ko na yini ɗaya. Da ya fito, siriri kamar gashi, sai aiki mafi wuya ya zo, wato ragewa. Dole ka tsuguna ka cire lafiyayyun tsiro ka zubar, ka bar tazarar yatsa uku tsakanin kowane biyu. Hannuna ya yi nauyi a kai, amma layin da na rage sosai shi ya ba ni manya miƙaƙƙu, wanda na tausaya wa kuwa sai 'yan sirara a cukurkuɗe. Rairayin nan namu da muke kuka da shi, karas shi yake so. A ƙasa mai tauri ko mai ɗanyen taki ne yake yin rassa.

Da latas ya yi ganye huɗu, wajen mako uku zuwa huɗu da yafawa, na dasa shi. Da la'asar sakaliya ake dashe, rana ta yi sanyi. Na fara jiƙa bahon sosai, na sa cokali ina ɗago kowane da ƙasarsa, na dasa da tazarar taƙi guda, na danna gindin da yatsu biyu na ba shi ruwa nan take. Washegari da rana duk suka kwanta kamar sun mutu, babbar 'yata har ta zo tana cewa, "Umma, sun lalace." Na ce ta bari tukuna. Kwana uku suka miƙe. Kabeji shi kamu guda ake ba shi tsakani, don haka 'yan ƙalilan ne suka cika komi na huɗu. Tumatir kuwa ban sa shi a komi ba. Buhunan taki na cika da ƙasa rabi, na huda gindinsu na jera a jikin katanga, kowane buhu tushe ɗaya, na kafa masa kara na ɗaure.

Sai kayan ƙamshi, waɗanda su ne ba su ci mini ko kofi ɗaya daga jarkokin nan biyu ba. Akwai dutsen da maigida da yara ke alwala a kai a tsakar gida, ruwan kullum sau biyar yana zuba a ƙasa a banza. Na samo reshen na'a-na'a mai 'yar saiwa a wurin maƙwabciyata, na dasa a gindin fasasshiyar randa na ajiye daidai inda ruwan ke sauka, na kife tsohon kwando a kai saboda kaji. Ba iri, ba reno. Cikin 'yan makonni ta cika randar tana leƙowa. Dalilin sa ta a randa shi ne tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, idan aka sake ta a komi sai ta cinye na kowa. Shayin asuba a muku-mukun sanyi da ɗanyen ganyenta da citta, wanda ya sha ya san ya bambanta da busasshen da ake sayarwa a ƙulli. Ɗoɗɗoya ma nan kusa na sa ta. Ita da ta fara fure nake tsinke kan, sai ta yi rassa ta ƙara ganye; ina jefa ta a miyar tumatir da farfesu. Zogalen da ke kusurwar gida, wanda kowace shekara yake zubar da ganye da hunturu ya tsaya tsirara, na sare kansa na riƙa zuba masa ruwan wankin shinkafa da na wanke-wanken da ba sabulu. Ya yi sabon toho har muka yi dambu da ɗanyen zogale a Janairu. Ruwan omo ban taɓa kai shi wurin shuka ba, yana kashe ƙasa. Ruwan tsari kuwa na awaki ne, ban yi musu kishiya ba.

Ba kowane ganye ne ɗan sanyi ba. Na yafa alayyafo a bakin komin kabeji ina ganin shi ne mafi sauƙi, tun da da damina ko a juji fitowa yake. Ya tsiro lafiya, amma da sanyi ya kankama a ƙarshen Disamba sai ya tsaya cak, ganyen ƙanana, wasu har suka fara fure tun suna gajeru. 'Yar kuɓewar da na gwada ma haka ta daskare. Waɗannan zafi suke so. A yi su a farkon kaka ko a jira sanyi ya karye.

Ban ruwa shi ne ainihin lambun, sauran duk shiri ne. Na huda gindin babban gwangwani da ƙusa ya zama abin yayyafi, domin idan aka kwara da bokiti ƙasa ke zaizayewa ta bar saiwa a waje. Ƙananan shuka safe da yamma, da suka kama ƙasa sai sau ɗaya, da yamma. Kafin in zuba nakan soka yatsa. Idan na ji danshi har gaɓa ta biyu, na bar wannan komin sai gobe. Tsakanin shuka na shimfiɗa ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi, wanda ya rage shan ruwa ƙwarai. Da na ga gara ta fara bin ƙarƙashinsa sai na rage kaurinsa na barbaɗa toka. Ranakun da hazo ya sauko har ba a ganin bishiyar ƙofar gida, ƙura kan kwanta a ganyen latas ya yi fari fat, sai in bi shi da yayyafi ta sama in wanke. Ba zan ɓoye wahalar ba. Ruwan jarka da ya kwana a waje a Janairu kamar ƙanƙara yake, hannuna ya yi kaushi ya tsattsage, kullum da dare sai na shafe shi da man kaɗanya. Yaran da ke turo ruwan ma haƙƙinsu ne a faɗa, rabin lambun guminsu ne.

Ana tsakiyar haka tuƙa-tuƙan unguwarmu ya lalace. Kafin a haɗa kuɗi a kira mai gyara an ɗauki kwanaki, gari duka ya koma kan rijiya ɗaya, layi tun asuba. Ruwan sha da na girki da ƙyar ake samu, balle na shuka. Maigida ya ce, "Ki duba wanda za ki iya ceta, jarka ɗaya zan riƙa saya miki a wurin mai kura." Na tsaya a bakin danga ina dubawa. Latas ba ya jure ƙishi ko na kwana biyu, sai ya yi ɗaci. Karas ya fara yin jiki, idan ya bushe aka dawo aka ba shi ruwa da yawa tsagewa yake. Su na ba jarkar. Albasa da tafarnuwa suka samu ragowar ruwan girki bayan kwana bibbiyu. Kabeji na sallama shi. A ranakun nan ne na gane nauyin tambayar da Kawu ya yi mini. Da na cike filin nan yadda raina ya so, da jarka ɗaya ba ta ceci komai ba, da duka na rasa.

Kabejin bai mutu ba, amma bai ƙara yin kyau ba, kuma dama shi ne ya fi ba ni aiki. Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, ta taru a bayan ganyensa, ga kuma 'yan ƙananan tsutsotsi koraye suna huda shi. Wani maƙwabci ya aiko mini da ragowar maganin feshin wakensa, wata kuma ta ce in ɗiga fiya-fiya a ruwa. Na yi godiya na mayar. Ganyen da zan tsinka yau in ba yaro ɗanye gobe, ba zan zuba masa guba ba, kuma ina roƙon duk mai lambu a gida ta kiyayi wannan. Darbejiya na koma wa. Yara suka tsinto busassun 'ya'yanta, na ɓare na daka cikin hannu biyu a wani tsohon turmi da ba a abinci da shi, na jiƙa a bokiti ya kwana, na tace da tsumma na yayyafa da yamma, ina ɗaga ganyen don ya samu bayansa. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake, kuma sai an maimaita duk mako. Tsutsar da na gani da ido da hannu nake cirewa. Duk da haka ra'ayina a kan kabeji shi ne mai jarka biyu ta bar wa masu fadama. Wata uku yana cin wuri da ruwa, a ƙarshe a sare shi sau ɗaya. Komin nan da latas na ƙara a ciki da ya fi mana amfani.

Tumatir na riƙa duba shi kullum saboda sharon, tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Kano da maƙwabtanta a 2016 har ya gagari talaka. Tana shiga tsakiyar ganye ne ta yi farin tabo kamar an kankare, daga nan ta huda 'ya'yan. Duk ganyen da na ga alamar na tsinke na jefa a murhu. Da yake tushen kaɗan ne, ido na iya kewaye su. Sun yi fure sun ɗaura 'ya'ya sosai a cikin sanyin, domin tumatir idan dare ya yi zafi furensa zubewa yake.

Latas ban taɓa tuge shi da saiwa ba. Ganyen waje nake ɓallewa, biyu ko uku a kowane tushe, in bar zuciyar; kafin in kewayo komin na farkon ya sake cika. Ta haka komi ɗaya ya riƙe mu makonni. Nakan wanke shi da ruwan gishiri in ɗauraye, in yanka a kan shinkafa da wake ko ɗanwake, ko in yi kwaɗonsa da tumatir da lawashi. Karas kuwa da ya kai wata uku kafaɗarsa ta fara leƙowa ja a saman ƙasa, yara ba sa jiran a dafa. A tuge a wanke a ci. Autan nan da ba ya son miya, shi ne ke tsayawa a bakin danga yana miƙo hannu. Maƙwabta suka fara aiko yara da kwano, wasu kyauta na ba su, wasu suka ce sai dai su biya. Abin da ya taru bai kai a kira shi sana'a ba, amma ya mayar da kuɗin iri da na jarkokin da aka saya.

Wajen ƙarshen Fabrairu iska ta juya, dare ya daina sanyi. Latas ne ya fara nunawa: tsakiyarsa ta miƙe ta yi kara, idan aka ɓalle ganye sai farin ruwa ya fito, ga ɗaci. Na tuge yawancinsa na ba awaki, na bar tushe biyu mafiya kyau suka yi fure rawaya, suka bushe suka yi farin gashi. Na karkaɗe su a faranti na sheƙe, na samu irin baɗi. Haka na yi wa lansir da ɗoɗɗoya. Na shanya su a inuwa sosai, na zuba kowane a kwalbar magani da 'yar toka, na toshe na rubuta suna. Kawu ya riga ya gaya mini irin da aka rubuta F1 a jikin gwangwaninsa ba a ajiye 'ya'yansa, ba sa fitowa kamar uwar. Karas da kabeji kuma ba sa yin iri a zafin ƙasarmu, su kowace shekara sai an saya.

Tafarnuwa na daina ba ta ruwa da ganyenta ya fara rawaya, bayan kamar mako na tone ta na ɗaure a rataye a rumfa. A Maris jarka ɗaya ba ta ƙara isar komi biyu, ga Afrilu na tafe da zafin da ke haura digiri 40. Sai na rufe komaye uku da kara na bar su su huta, na riƙe guda ɗaya na jikin katanga wanda inuwa ke rufewa da azahar. Na ƙara masa ruɓaɓɓen kashin kajin nan na yafa alayyafo, wannan karon cikin mako uku muka fara yanka.